Yadda ake haɗa shirin talabijin mai bin diddigin jita-jita a Damagaram

Duk wanda ya taɓa zama a fada bayan isha'i, ana jiran shayi na biyu ya nuna, ya san yadda hira ke juyawa. Wani zai ciro waya ya ce, "Ku saurari wannan." Sai muryar mutumin da ba wanda ya san shi ta fara: wai allurar da ake yi wa yara tana hana haihuwa, wai shinkafar da ta shigo kasuwa ta roba ce, wai Amurkawa ba su taɓa taka wata ba, a ɗaki suka ɗauki hoton. Kafin a zuba na uku, maganar ta shiga waya goma. Irin waɗannan maganganu muke ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mu bi su har tushe, mu mai da su shirin tele. Na daɗe ina wannan aiki, kuma matasa suna yawan tare ni da tambayar ta ina ake farawa. Ga yadda nake yi, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Kayan aiki

Kamara in akwai. In babu, wayar hannu mai kyan hoto ta isa, da ita ni ma na fara. Abin da bai kamata ka yi wa rowa ba shi ne mikro. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma in sauti ya lalace sai ya canza tasha. Nemi ƙaramin mikron nan da ake maƙalawa a wuyan riga, da abin sauraro na kunne. In ba ka samu ba, ari waya ta biyu, ka kunna rikoda, ka sa ta a aljihun gaban rigar mai magana, sannan ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara kafin a fara. Da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto wajen montaji, wato yanka hotunan da haɗa su.

Sai ƙafar kamara, ko kujera da tarin littattafai in ta kama. Fawa-bank biyu a cike, tunda kuran ba ya sallama in zai tafi. Memori biyu. Farin kwali babba don maido da haske a fuskar mai magana. Tsumma mai laushi da leda saboda ƙurar hunturu. Na montaji kuwa, CapCut yana aiki ko a waya, Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma ba sa wahalar da ƙaramar kwamfuta, DaVinci Resolve ya fi su amma yana son inji mai ƙarfi. Na ƙarshe, littafi da biro. Kowace jita-jita da littafinta, kada ka gwama.

Mutum uku sun isa: mai gabatarwa, mai kamara, da mai bincike. A cikinsu lallai a samu mace. Maganar riga-kafi da ta haihuwa a cikin gida ake yanke ta, tsakanin uwa da kaka da kishiya, kai kuwa namiji iyakarka zaure.

Mataki na 1: Zaɓen magana

Ba kowace jita-jita ce ta cancanci shiri ba. Tambayoyi biyu nake yi. Ta riga ta yaɗu? Tana iya cutar da wani? In maganar ba ta wuce fada ɗaya a Zango ba, ƙyale ta, don in ka sa ta a tele kai ne ka raba ta gari. Ni sai na ji abu a bakin ɗan kabu-kabu, na ji shi a Kasuwar Dole, sannan wata gwaggo ta turo mini shi a WhatsApp, nake cewa ya nuna.

Ta fuskar cutarwa kuma, ka tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka. Irin wannan ba ta jiran sati mai zuwa. Ta zuwa wata kuwa ba ta kashe kowa, ajiye ta don makon da kake son shiri mai ɗan nishaɗi.

Mataki na 2: Rubuta zargin, ka yanka shi gunduwa-gunduwa

Saurari saƙon murya sau uku, ka rubuta shi kalma da kalma a shafin farko na littafinka, da ranar da ka same shi da wanda ya turo. Daga nan ka rarraba shi. "Turawa sun haɗa baki da gwamnati sun zuba maganin hana haihuwa a allurar shan inna don su rage Musulmi" ba magana ɗaya ba ce, huɗu ce: me ke cikin maganin, wa ya ƙera shi, wa ya gwada shi kafin ya shigo, kuma yaran da aka ɗiga wa shekaru ashirin da suka wuce sun haihu ko ba su haihu ba. Kowace da inda ake nemo amsarta. Abin da ke cikin zuciyar mutum, wato niyya, ba ka da ma'auninsa, don haka kada ka yi alƙawarin auna shi. Kuskuren sabon shiga shi ne ya rungumi zargin ɗungurungum, ya kawo likita ya ce "ƙarya ne", a tashi. Ba wanda ya taɓa sauya ra'ayi da haka.

Mataki na 3: Nemo tushe

A nan aikin yake, kuma a nan nake cinye rabin lokacina. Ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk zargin makirci da ya yi ƙarfi a ƙasar Hausa yana da wani abu na gaskiya da ya jingina da shi, kuma in ba ka faɗi wannan gaskiyar da bakinka ba, mai kallo zai ɗauka ko ba ka sani ba, ko an biya ka ka ɓoye.

Ɗauki maganar shan inna. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafi bisa zargin yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, kuma a tsakanin nan cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mu nan abin da aka faɗa a Kano da safe, kafin la'asar ya biyo mota ta Matamaye ko ta Magarya ya iso. To me ya sa mutane suka yarda? A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75. Sannan a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta fake da riga-kafin ciwon hanta a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Laden. Waɗannan sun faru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Faɗi su a shirinka ba tare da kwana-kwana ba, sannan ka nuna inda gaskiya ta tsaya, inda ƙari ya fara: maganin gwaji na 1996 daban, ɗigon shan inna daban, ƴan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci ga su nan da goyo a bayansu, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Akwai kuma lokacin da makircin gaskiya ne, kuma ya kamata ka yi shiri guda a kan irinsa tun a farkon zango, don masu kallo su san ba aikinka ba ne wanke manya. Misali mafi kusa da mu shi ne takardun yuraniyom. An fito da wasu wasiƙu da ke nuna wai Nijar ta shirya sayar wa Iraƙi yuraniyom. Amurka ta turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a watan Fabrairun 2002, ya koma ya ce bai ga alamar haka ba. Duk da haka shugaba George Bush ya ambaci neman yuraniyom daga Afirka a jawabinsa na Janairun 2003. A ranar 7 ga Maris, Muhammad al-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ta yaya aka gane? Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan Oktoban 2000, amma sa hannun da ke kanta na ministan harkokin wajen da ya bar kujera tun 1989 ne. Bayan kwana goma sha uku aka fara yaƙin Iraƙi. Ina son wannan labari ne don yana koya wa ɗan koyo aikin kansa: duba kwanan wata, duba sa hannu, ka tambaya ko mutumin yana kan muƙamin a ranar.

Hanyar bin sawu a cikin gari kuwa tsohuwa ce. Tambayi wanda ya turo maka, "Daga wa ka samu?" Je wurin wancan, ka maimaita. Galibi a mutum na huɗu ko na biyar sawu ke ɓacewa a wani gurup, amma kafin nan za ka ga yadda maganar ke ƙara ƙiba a kowane baki, kuma wannan kansa abin nunawa ne. Duba kuma ko shafukan tantance labarai irin Africa Check da Dubawa, ko sashen tantance labarai na AFP sun riga sun taɓa maganar. Karanta nasu don ka san hanya, amma ka sake tabbatarwa da kanka.

Mataki na 4: Hoto da bidiyo da murya

Hoto, sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara fitowa da shekarar. Bidiyo, tsayar da shi a wurare huɗu ko biyar, ka ɗauki hoton allo, ka bincika kowane. In kana da kwamfuta, InVID yana yi maka wannan yankan. In intanet ya yi rauni, idonka ma kayan aiki ne: lambar mota ta wace ƙasa ce, allon shago da Faransanci yake ko da Ingilishi, kakin ɗan sanda irin namu ne, ƙasa kore ce alhali an ce jiya aka ɗauka a watan Maris? An taɓa turo mini bidiyo wai a hanyar Tanut aka ɗauka, ga bishiyoyin kwakwa reras a bayan mutanen.

Saƙon murya ya fi wuya, don ba shi da fuska. Saurari karin harshe: Bakano ne, Basakkwace ne, ko namu ne na Damagaram? Naira yake ambata ko jika? Ya faɗi sunansa da inda yake, ko "wani babban likita" ne kawai? Kibiya biyu da WhatsApp ke sawa a kan saƙo alama ce ya ratsa hannu da yawa, ba ta nuna gaskiya ko ƙarya. Yanzu kuma ana kwaikwayon muryar mutum da na'ura, saboda haka in an jingina magana ga wani sananne, nemi shi ko ofishinsa ka tambaya.

Mataki na 5: Gaisuwa da izini

Kada ka sauke kamara a unguwa kafin ka gaida mai unguwa. A Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, nemi izinin fada tukuna. A kasuwa, ga shugabannin ƴan kasuwa. A asibiti, sai da takardar hukumar lafiya, kuma ba a ɗaukar majiyyaci sai ya yarda. Bariki da shingen jami'an tsaro, ko da wasa kada ka nuna musu kamara. Riƙe takardar tasharka a aljihu kullum.

Ka kuma san doka. Dokar laifukan intanet ta 2019, da aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. In zargin ya ambaci wani mutum ko wani shago da suna, kada sunan ya fita a shirinka sai kana da hujja a rubuce, kuma ka ba shi damar ya kare kansa. Rubutun shirin, ba wani wanda ya san doka ya duba kafin a watsa.

Mataki na 6: Hira

Fara da waɗanda suka yarda da maganar, kuma ka je musu da ladabi. "Baba, ina wuni, mun ji ana wata magana ne muka ce bari mu zo mu ji daga bakin manya." Ka bar shi ya gama. Kada ka yi murmushin da ke cewa na fi ka sani, kamara tana kama shi, kuma masu kallo za su bi bayan tsohon, ba bayanka ba. Na yi wannan kuskure sau ɗaya da wani dattijo mai sayar da goro, na katse shi da dariya. Sati guda ana tare ni a hanya, ba wanda ya tuna hujjojin da na kawo, sai "yaron nan da ya raina Alhaji". In mutum ya ce a ɓoye fuskarsa, ɗauke shi ta baya ko ka nuna hannuwansa kawai, kuma ka cika alƙawari.

Sai masana: likita, malamin Jami'ar André Salifou, injiniyan sadarwa, gwargwadon maganar. Matsalarsu ɗaya ce, da an kunna kamara sai Faransanci ya kwace musu baki. Zauna da shi minti goma kafin ɗauka, ku nemo kalmomin tare. In ya ce wata kalmar lakwal, ka ce, "Dokta, in kakarka ce ta tambaya, yaya za ka ce mata?" A nan ake samun "garkuwar jiki" da "ƙwayar cuta" da misalin da ke zama a kai. Tambaye shi kuma abin da mutane ke tsoron tambaya: wa ke biyanka, kai ka yi wa ƴaƴanka? In maganar ta taɓa addini, nemi malamin da unguwa ke girmamawa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat, mai umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, daga bakinsa ta fi nauyi.

Ɗauka da safe kafin rana ta take, ko bayan la'asar. A watan Afrilu da Mayu waya tana zafi ta kashe kanta a tsakiyar hira, don haka ka riƙa rufe ta da farin ƙyalle tsakanin ɗauka. Sa ta a yanayin jirgin sama kada kira ya yanke maka. Kada ka sa hira daf da kiran salla, kuma ka nisanci injin markaɗe.

Mataki na 7: Gwaji a gaban kamara

Gani ya kori ji. Duk abin da za a iya gwadawa, gwada shi a bainar jama'a. Masu cewa ba a je wata ba a 1969 suna kafa hujja da cewa babu taurari a hotunan. Fita da dare, ka tsayar da mutum ƙarƙashin fitila mai haske, ka ɗauke shi da waya, ka nuna wa ƴan fada: sama baƙi ƙirin, ba tauraro ko ɗaya, ga su kuwa suna ganin su da ido. Kamarar da aka saita don abu mai haske ba ta kama mai rauni. Tutar da suke cewa tana kaɗawa, sanda aka sa mata a sama don ta miƙe. Daga nan ka ƙara da cewa sau shida aka sauka tsakanin 1969 da 1972, aka dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382.

Shinkafar roba ma haka. A Disambar 2016 kwastan na Najeriya suka kama buhuna a Legas aka ce roba ce, gwaji ya nuna shinkafa ce, sai dai ta gurɓace. Hujjar masu maganar ita ce in an dunƙula dafaffiyar aka jefa ƙasa tana tsalle. To dafa shinkafar gida wadda kowa ya yarda da ita, a gabansu, ka ba wata uwa ta dunƙula da hannunta ta jefa. Ita ma za ta yi tsalle, danƙon shinkafa ne. Wani lokaci kuma kalanda kaɗai ta isa: masu cewa sadarwar waya ta 5G ce ta kawo korona, tuna musu cutar ta shigo Nijar a Maris 2020, lokacin babu 5G a ƙasar.

Gargaɗi: gwada a gida tukuna, kuma kada ka sha ko ka ba wani ya sha komai don nuna hujja.

Mataki na 8: Montaji da yanke hukunci

Tashoshi sun saba da minti 13 ko 26. Fara da 13 har hannunka ya faɗa. Buɗe da abin da ka tabbatar, sannan ka kawo jita-jitar a taƙaice, ka bi da tushe, masana, gwaji, ka rufe da hukunci. Kada ka sa saƙon muryar gaba ɗaya, daƙiƙa goma sha biyar sun isa. Duk hoton jabu da za ka nuna, rubuta "ƘARYA NE" da manyan baƙaƙe a tsakiyarsa, ba a gefe ba. Dalili: wani zai ɗauki allon tele da waya, ya yanke gefen, ya tura da cewa "har tele ta nuna". An yi mini, kuma da tambarin tasharmu abin ya zagaya. Saboda wannan dalili, kada mai gabatarwa ya furta zargin a jimla cikakkiya da za a iya yankewa ta tsaya da ƙafarta. Ya riƙa haɗa ta da "ana cewa wai" a gaba, da amsa nan take a baya.

Hukunci huɗu nake amfani da su: gaskiya ne, ƙarya ne, an gwama gaskiya da ƙarya, ba mu samu hujja ba. Na ukun ya fi yawan fitowa. Na huɗun kuwa yana da ɗaci bayan ka yi sati biyu kana yawo a rana, amma in shi ne, shi za ka faɗa.

Mataki na 9: Bayan an watsa

Jita-jita ta murya ta zo, ta murya za ka bi ta. Yanke shirin zuwa minti ɗaya da rabi, ka fitar da shi bidiyo mara nauyi da kuma saƙon murya zalla, don mai ƙaramin kiredi da wanda ba ya karatu. Tura wa mutanen da ka bi sawu ta hannunsu a mataki na 3, ka roƙe su su mayar da shi gurup ɗin da suka samo na farko. Ba gidajen rediyon ƙauye sautin kyauta, in da hali a fassara shi da Barbarci da Fulatanci da Buzanci. Ware lambar waya guda ta shirin, wadda ba taka ta gida ba, don masu turo sabbin maganganu da masu zagi, duka za su zo.

In aka nuna maka ka yi kuskure, gyara a farkon shiri na gaba, da bakin mai gabatarwa, ka faɗi abin da kuka ce da abin da yake daidai. Ajiye littafin da ɗanyen hoton duka a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a memorin da ba ya fita daga gida, ka rubuta kwanan wata a bango. Maganar shinkafa da ta allura suna dawowa duk bayan ƴan shekaru da sabuwar murya, kuma ranar da suka dawo, littafin nan za ka fara buɗewa.